Dodon da ya bar farauta ya koma zuwa zance

Duk mai 'ya ko ɗa a sakandare ko jami'a a garin nan, da wuya bai taɓa cin karo da wani irin littafin Turanci a ɗakinsu ba: bango baƙi ko ja, mace da ɗigon jini a gefen leɓe, ko wani farin saurayi da fiƙoƙi biyu a waje. Wasu a wajen masu gwanjon littattafai na bakin titi ake sayensu, inda ake zube dila guda a ƙasa kowa ya tsinci nasa. Mafi yawa kuma yanzu a waya ake karanta su, babu bangon ma balle a gani. Iyaye sun kasu biyu a kai. Akwai mai fizgewa ya ce littafin matsafa ne, akwai mai cewa ai Turanci take koyo, a ƙyale ta. Dukansu biyun ba wanda ya buɗe. A kasuwa kuwa ba a yanke wa haja kuɗi tana cikin buhu, don haka bari mu kwance bakin buhun mu gani.

Abin da ke jikin bangon nan Turawa suna ce masa vampire, mu sai mu ce bamfaya. Kada a haɗa shi da maye. Maye a wajenmu rayayyen mutum ne da ake zargi da kama kurwa. Bamfaya kuwa a tatsuniyar mutanen gabashin Turai gawa ce da ta ƙi kwanciya, tana fita da dare tana shan jinin masu rai. A yawancin littattafan ba ya tsufa, rana tana ƙona shi, kuma ba ya iya shiga gidan mutum sai mai gidan ya ce masa shigo. Ku riƙe wannan na ƙarshen, za mu dawo kansa. Ƙarya ce tsagwaronta, kamar Gizo da Ƙoƙi. Wanda ya mutu ya mutu, marubutan ma ba su ce kowa ya yarda ba.

Da can abin tsoro ne zalla. A 1897 Bram Stoker ya fitar da Dracula, labarin wani tsohon basarake da ya taso daga Taransilbaniya zuwa Ingila da akwatuna 50 cike da ƙasar kabari. Bakinsa wari, tafin hannunsa da gashi, ba wata mace mai hankali da za ta yi masa kwalliya. A 1976 Anne Rice ta ba dodon baki ya ba da labarinsa da kansa, yana nadama yana kukan kaɗaici, sai masu karatu suka fara jin tausayinsa. Daga tausayi zuwa so ai ba nisa. Ana shiga shekarun 1990 da na 2000 sai ga wani zubi daban: bamfaya a cikin gari irin na yau, yana biyan kuɗin haya, yana da waya, yana cike takardar haraji, ana ba da labarin cikin raha da zolaya. Waɗannan su ne nake magana a kansu.

Abin da nake son in kafa guda ɗaya ne. A cikin masu kyau daga wannan zubi, mai fiƙoƙin ba shi ke riƙe mai karatu ba. Yarinyar da ke ba da labarin ce, da aikinta da bashinta da kaifin bakinta. Soyayyar kuma tana yin daɗi ne daidai gwargwadon ikon da marubuci ya bar wa yarinyar na cewa a'a. Inda aka ƙwace mata wannan ikon, ko da an zuba wa saurayin kyau da dukiya da shekara dubu, labarin lami yake fitowa.

Mu fara da wadda ta fi kowa iya abin, Charlaine Harris, da littafinta Dead Until Dark na 2001, na farko a jerin littattafai 13. Mai ba da labarin Sookie Stackhouse ce, mu kira ta Suki. Tana kai wa mutane abinci da abin sha a wata mashaya a ƙaramin gari mai suna Bon Temps, wanda marubuciyar ta ƙirƙira a arewacin jihar Luwiziyana ta Amurka. Iyayenta sun rasu a ambaliya tana ƙarama, kakarta ce ta rene ta ita da wanta Jason, wani mai kyan fuska da ƙarancin tunani wanda ba ya ganin mace ya kau da kai. Ba ta yi jami'a ba. Tana da kalandar da ke koya mata sabuwar kalma kullum, in ta samu dama sai ta jefa kalmar cikin zance tana jin daɗi. Tana son kwanciya a rana, tana lissafin kowace dala. Sai kuma lalurarta, don ita da kanta nakasa take kiran abin: tana jin abin da ke zuciyar mutane, kamar rediyon da ba shi da makunni.

To ku tsaya ku auna wannan. Budurwa ce da duk saurayin da ya zauna kusa da ita, kafin ya buɗe baki ta riga ta ji abin da yake saƙawa game da jikinta, ko game da wata can da yake kwatanta ta da ita. Wace soyayya za ta yiwu a haka? Mutanen gari kuma suna mata kallon mai taɓin hankali. Rannan sai ga wani baƙo ya shigo mashayar, Bill Compton, bamfaya, wanda ya yi yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 yana ɗan Adam. Ta matsa kusa da shi, ta ji shiru. Ba ta jin komai daga kansa. Wannan shirun shi ne farkon son, kuma a ganina yana cikin dabaru mafi kyau da aka yi a wannan fanni gaba ɗaya. Harris ba ta ce mana ku so Bill don dogo ne ko don idonsa kaza ba. Ta nuna mana gajiyar yarinya, sannan ta nuna mana wurin da ta samu hutu. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin da ke jikin janareton maƙwabci, ranar da aka kashe shi ya san abin da Suki ta ji.

Kuma ku lura da wanda ya fara ceton wani. A daren farko wasu mata da miji 'yan damfara suka ja Bill waje suka ɗaure shi da sarƙar azurfa suna tatsar jininsa, don a duniyar littafin jinin bamfaya ƙwaya ce mai tsada a kasuwar bayan fage. Suki ce ta ɗauko sarƙar ƙarfe daga motar wanta ta fita ta kore su. Dodo mai shekara sama da ɗari yana kwance a ƙasa, 'yar aikin mashaya ce a tsaye a kansa. Daga baya shi ma ya cece ta, amma an riga an kafa ma'auni: bashi ne tsakaninsu, kowa yana bin kowa.

Kakarta, Adele, ita ce gishirin rabin farko na littafin. Da ta ji jikarta ta haɗu da bamfaya, ba salati ta saka ba. Tambayarta ita ce ko ya ga yaƙin basasa da idonsa, kuma ko zai yarda ya zo ya yi wa ƙungiyarsu ta masu tarihin kakanni jawabi. Ya zo kuwa, ya tsaya gaban tsofaffin gari yana ba su labarin kakanninsu da ya sani. Ta nan ne mai karatu yake yarda da Bill, ta idon tsohuwa mai share gida don baƙo zai zo. Shi ya sa lokacin da aka kashe tsohuwar a ɗakin girkinta, rahar littafin take tsayawa cak. Wanda ya yi kisan kuma ba bamfaya ba ne, mutum ne ɗan gari da kowa ya sani, mai ƙin matan da ke hulɗa da baƙin.

A nan akwai wani abu da mu mazauna unguwa irin tamu za mu gane kafin Bature ya gane. A labarin, masana a Japan sun haɗa jinin kwalba, don haka bamfayoyi suka fito fili suka ce ga mu, za mu zauna da ku lafiya. Sai suka zama baƙi a garin wasu. Suna da nasu shugabanni da nasu shari'a a cikin gida, jiha tana da sarauniya, yanki yana da mai unguwa, wanda duk baƙon da ya sauka sai an san da shi. In ɗayansu ya yi laifi, dukansu ake zagi. In an tsinci gawa, ƙofarsu ake fara bugawa. Akwai masu son su saje da 'yan gari, akwai masu ganin sajewar zubar da kai ce. Ban ce mu da su ɗaya ba, Allah ya kiyaye, mu goro da shanu muka kawo. Amma yadda ake auna baƙo da laifin ɗan'uwansa, Harris ta san shi sarai, kuma shi ya ba soyayyar Suki da Bill nauyi, don kowa a gari yana da ra'ayi a kanta.

Sai Erik Northman, wanda yawancin masu karatu mata suka mutu a kansa. Shi ne mai unguwar yankin, tsohon mayaƙin Baikin ne mai shekara sama da 1000, yana da mashaya a birnin Shreveport inda 'yan yawon buɗe ido suke biya don su ga dodo. Ɗan kasuwa ne na gaske, mai wayo, mara kunya, mai ban dariya. Me ya sa ya fi Bill shiga rai? Mutane za su ce kyau. Ni na ce tsakuwa. A littafi na uku, Club Dead na 2003, hanyar motar da ta taso daga titi zuwa ƙofar gidan Suki duk ta zama ramuka, ba ta da kuɗin gyara, abin yana cin ranta. Bill, saurayinta, yana da dukiya, har ya san yadda ya yi ya tura wa wasu jikokin jikokinsa kuɗi a ɓoye suka gyara gidansu, amma bai taɓa duban hanyar da yake takawa kullum ba. Erik ne ya lura, ya turo aka zuba mata sabuwar tsakuwa. Ba zobe ba, ba fure ba. Duk matar da ke karanta wannan ta san bambancin namijin da ke kawo abin da yake son bayarwa da wanda ya ga abin da babu a gidan.

Amma a ƙarshen wannan littafin dai, da su biyun suka ishe ta, sai ta janye izinin shiga gidanta daga kansu duka. Dokar nan da na ce ku riƙe ta yi aiki: ƙafafunsu suka ja su da baya har waje, suna ji suna gani, ta rufe ƙofarta. Mu da muka tashi da rubutun ba a shiga a ƙofar zaure, da sallama sau uku in ba a amsa ba ka koma, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ƙarfin da zai iya ɗaga mota ya tsaya a dokin ƙofar 'yar aikin mashaya. Wannan dokar ce ta sa soyayya da dodo ta zama abin da za a iya yi wa dariya. Ba don ita ba, labarin kura da akuya ne kawai.

MaryJanice Davidson ta bi wata hanyar a Undead and Unwed na 2004. A nan yarinyar ce da kanta ta zama bamfaya. Betsy Taylor sakatariya ce a jihar Minesota. Ranar da ta cika shekara 30 aka sallame ta daga aiki, da dare kuma mota ta buge ta garin ceton kyanwarta. Ta farka a gidan shirya gawa, kuma abin da ya fi ƙona mata rai ba mutuwar ba ce. Matar ubanta ce ta sa aka saka mata wata riga ruwan hoda da takalmi mai arha, ta kwashe nata masu tsada. Matar uba dai ko a Amurka matar uba ce. Betsy tana da son takalma kamar ciwo, ba ta riƙe sunan mutane, in fiƙoƙinta suka fito sai ta kama tsamin baki, duk kwarjinin ya zube. Tsofaffin bamfayoyi masu baƙaƙen kaya da maganar ƙasaita suka gano wai ita ce sarauniyar da littafinsu ya yi alkawari, ita kuwa dariya suke ba ta. Da za a shawo kanta ta shiga yaƙi da mugun shugabansu, da takalma aka ba ta toshiya.

Littafin farkon yana da daɗi, ba zan ɓoye ba, saboda a ƙarƙashin shirmen akwai zuciya. Ta hana wani matashin likita faɗowa daga saman bene, ya zama abokin zamansu. Ƙawarta Jessica, mai kuɗin gaske, ba ta guje ta ba. Mahaifiyarta murna ta yi da ganinta, mahaifin kuwa da ma ta zauna a kabarin ya fi masa sauƙi, kuma wannan ciwon marubuciyar ba ta mai da shi wasa ba. Sai dai jerin ya wuce littafi goma, kuma wasan takalmi ba ya ɗaukar littafi goma. Abin da ya ba ka dariya a na ɗaya, a na shida ya zama hali mai gundura, don Betsy tana daɗewa ba ta girma ba. Suki kuwa kowane littafi yana barin mata tabo, tana ƙara taurin zuciya, har wani lokaci tana tsoron abin da take zama.

Babban aibin Betsy a wajena yana wajen saurayin, Sinclair. Dogo, mai kuɗi, mai kwat, ita tana zaginsa shi yana murmushi. Wannan faɗan na fatar baki yana tafiya daidai, har zuwa inda aka gano cewa ya san wani sharaɗi a littafin alkawarin nan da ita ba ta sani ba: kusantarsa da ta yi ta mai da shi sarki kuma abokin mulkinta na shekara 1000. Ya sani, ya yi shiru. A kasuwa sunan wannan algus, ka ɓoye aibin kaya sai an biya. Betsy ta yi fushi, gaskiya ne, amma littafin yana ƙyafta wa mai karatu ido cewa ai kin san ƙarshenta nasa ce. Harris ma ta sa Erik ya yi wa Suki irin wannan a littafi na tara, inda ya sa ta miƙa masa wata wuƙa a gaban shaidu ba tare da ta san cewa a al'adarsu ɗaurin aure ke nan ba. Ta kuma tona a littafi na shida cewa Bill tun farko sarauniya ce ta aiko shi ya shawo kan Suki saboda baiwarta. Bambancin shi ne Harris ta rubuta waɗannan a littafin bashi, kuma ta sa an biya. Davidson yafewa ta yi tun ba a roƙa ba.

Akwai masu saukin nauyi da zan ambata a gurguje. Molly Harper a Nice Girls Don't Have Fangs na 2009 ta kawo Jane Jameson, ma'aikaciyar laburaren yara a wani ƙauyen Kentaki, wadda aka kora daga aiki, a hanyar gida wani mafarauci mashayi ya ɗauka barewa ce ya harbe ta. Saurayin, Gabriel, ba shi da wani armashi, amma uwar Jane da ke ta kawo mata abinci ta ƙi yarda cewa 'yarta ta daina ci, ita kaɗai ta isa kuɗin littafin. Christopher Moore a Bloodsucking Fiends na 1995 ya juya abin: Jody ce bamfaya a San Faransisko, Tommy kuwa yaro ne ɗan shekara 19 mai aikin dare a kanti, ta ɗauke shi don tana bukatar mai yi mata aike da rana. Akwai wuri guda a ciki da ya fi duk barkwancin tsayawa a rai, inda Jody ta gane cewa karon farko a rayuwarta tana tafiya a titi da tsakar dare ba ta tsoron kowane namiji. Sai Drew Hayes da Fred ɗinsa na 2014, akanta mai tsoro da rigar sanyi, wanda zama bamfaya bai ƙara masa ko ƙwayar jarumta ba. Budurwarsa Krystal ce mai faɗan, shi kuwa da gaskiya da iya lissafi yake tara abokai. Fred hujja ce cewa fiƙoƙin ado ne kawai, hali ake saya.

Inda fannin ya fi yin arha shi ne dabarar abokin rai na ƙaddara. A jerin Argeneau na Lynsay Sands, in bamfaya ya haɗu da wadda ba ya iya karanta zuciyarta ko juya ta, shi ke nan an gama, ita ce tasa har abada. Ku duba, shirun nan ne dai na Suki, amma an juya shi. A wajen Harris shirun dalilin fara zance ne, sauran kuma sai hali ya nuna, har ma ya nuna Bill bai cancanta ba. A wajen Sands shirun hukunci ne. Tun shafi na talatin an san ƙarshe, sauran shafukan jiran yarinya ake ta gane abin da aka riga aka yanke mata. Masu karanta littattafan soyayya na Kano sun san wannan ciwon ta wata fuskar, inda mota da gidan bene suke yi wa saurayi aikin da ya kamata halinsa ya yi. Abin da ya sa har yau ake tuna In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ai shi ne Sumayya ce ta zaɓi Muhammad talaka, kuma zaɓin ya ci mata tsada.

Yanzu maganar da iyaye suke jira. E, akwai batsa. Littattafan Suki da na Betsy da na Sands suna da wuraren da aka bar ƙofar ɗaki a buɗe, ba kunya ba sakaye, Moore kuma bakinsa ba linzami. Don manya aka rubuta su, ba na 'yar aji uku ba ne, kuma fim ɗin True Blood da tashar HBO ta yi daga labarin Suki tsakanin 2008 da 2014 ya ninka littafin a wannan fuska, ban ga gidan da zan ce a kunna shi ba. Na Fred ne mafi sauƙi a cikin waɗanda na lissafa. Amma ga inda mai duba batsa kaɗai zai yi asara. Twilight na Stephenie Meyer, na 2005, wanda ya fi su duka yawo a hannun 'yan mata, zai wuce wannan gwajin, don saurayin ciki, Edward, shi ne ma ya dage sai an ɗaura aure. To amma wane irin saurayi ne? An haife shi a 1901, yana zaune a aji ɗaya da yarinya 'yar shekara 17. Yana shiga ɗakinta ta taga da dare yana kallonta tana barci, ba ta sani ba. A littafi na uku ya cire wani abu a injin motarta don kada ta je wajen abokinta. Duk wannan an shafa masa zuma an kira shi kulawa. Babu raha a ciki, babu dokar sai an ce shigo, yarinyar kuma ba ta da wani buri da ya wuce ta mutu ta zama irinsa. In aka ce in zaɓi wanda zai fi ɓata wa budurwa ma'aunin miji tsakanin wannan da na Suki, ba zan yi dogon tunani ba, duk da na Sukin ma ban ce a miƙa mata ba.

Harris ta rufe jerinta a 2013 da Dead Ever After, kuma ta tayar da ƙura. Suki ba ta ƙare da Bill ba, ba ta ƙare da Erik ba. Erik ya tafi auren sarauniyar Oklahoma bisa wata yarjejeniya da wanda ya mai da shi bamfaya ya ƙulla, auren mulki da riba. Suki tana da wani abin sihiri mai biyan buƙata sau ɗaya tak, wanda Erik ya so a ce ta kashe shi a kansa, ita kuwa a littafi na 12 ta yi amfani da shi ta dawo da ran Sam Merlotte, mai mashayar da take aiki. Sam yana nan tun shafukan farko. Shi ma ba cikakken mutum ba ne, yana rikiɗa ya zama kare, amma yana tsufa, yana cin abinci, yana fita rana. Masu son Erik suka yi ca a kan marubuciyar, har da zagi da barazana.

Ni ina ganin hukuncin daidai ne. Tun littafin farko Suki take faɗin ba ta son zama bamfaya, tana son rana, tana son gidan kakarta. Erik kuwa ko a lokacin da ya fi sonta, mulkinsa ne a gaba. Mafi daɗin zamansu ma a littafi na huɗu ne, lokacin da wata matsafiya ta shafe masa tunani ya manta ko shi wane ne, wato sai da aka cire masa sarauta da wayo sannan ya zama wanda za a iya zama da shi. Wanda ya karanta wannan da idon basira ya san ba za a ƙare tare ba. Sam kuma, lokacin da ciniki ya karye masa, Suki ce ta ranta masa kuɗi, shi kuwa ya mai da bashin hannun jari ya sa ta cikin mallakar wurin. Da ma'aikaciya da maigida suka koma abokan kasuwanci kafin su koma wani abu.

Inda nake tare da masu ƙorafin shi ne wajen aikin. Littafin ƙarshen an yi shi da gaggawa. An kwaso tsofaffin maƙiya daga littattafan baya an cusa su wuri guda, an ɗora wa Suki tuhumar kisan tsohuwar ƙawarta Arlene, har an bar bakin Suki a wasu babuka ana ba da labari ta bakin wani, alhali muryarta ce jarin jerin gaba ɗaya. Erik ya samu littattafai da dama ana gina shi, da tsakuwarsa da zolayarsa. Sam aka bar shi a bayan kanta yana goge kofuna shekara goma sha biyu, sannan aka ba shi 'yan babuka ya zama masoyi. Da Harris ta kashe masa ko rabin tawadar da ta kashe wa Erik, da zagin da ta sha bai kai haka ba.